Tsarabar Chizuru

Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da tikitin jirgin ruwa a tashar tsibirinmu, kuma ni ce mai karɓar wasiƙu da ƙunshin kaya idan jirgin Sasebo ya sauke su da safe. Saboda haka in mutum ya ce yana da sirri a garin nan, dariya kawai nake yi. Wa zai fita ban gani ba? Me zai shigo bai bi ta hannuna ba? Sunana Tokiko, mijina Katsuji masunci ne. Labarin nan ba nawa ba ne, na nas ɗinmu ne, Chizuru Nomoto, duk da dai hannuna na cikinsa dumu-dumu.

Ta zo mana tana da shekara talatin da biyar, da akwati ɗaya da keke. 'Yar Tagawa ce, ubanta ya ƙare ƙarfinsa a ramin haƙar kwal, ya tsufa da tari. Ita ce ta ɗaya a ajinsu har ta gama sakandare, amma karatun likita ba na irin gidansu ba ne. Sai ta shiga makarantar jinya ta wani asibiti, inda ake ba ɗalibi ɗaki da abinci, in ya gama ya yi musu aiki. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ba ta haihu ba. Da ta ga ana neman nas a wani tsibiri mai mutum ɗari biyu da 'yan kai, sai ta tattaro ta taho. Duk wannan daga baya na ji. A lokacin in ka tambaye ta daga ina, murmushi za ta yi ta ce, "Yau teku ta kwanta, ko?"

Asibitin namu ɗaki uku ne a bayan makarantar da aka rufe. Likita Haraguchi yana zuwa Talata da Juma'a a jirgin safe, ya koma a na ƙarfe uku. Sauran kwanakin ita ce komai. Ta ɗinke wanda ƙugiya ta yage wa hannu, ta wanke gyambon tsofaffi, ta hau keke har ƙarshen tudu don ta ga ko wata ta sha maganinta. Amma magani sabo ko allura, sai ta buga waya an ba ta izini. Shekarar da guguwa ta hana jirgi zuwa kwana huɗu, na gan ta da idona tsaye kan tsohuwa Mitsue, maganin na cikin kabad, ta san shi ta san awonsa, waya na kunnenta tana jiran a nemo likita daga ɗakin tiyata. Tsohuwar ta rayu. Chizuru kuwa da ta fito ta zauna a dakali, ta ce, "Na sani, Goggo Tokiko. Na sani sarai, izini ne ba ni da shi."

Ba a yi wata uku ba ambulan masu ruwan ƙasa suka fara zuwa mata daga Osaka. Duk sati biyu ɗaya ta zo, ita ma ta aika ɗaya. Sai tsofaffin littattafai masu kauri, waɗanda wasu suka gama da su suka sayar. Wata rana igiyar ruwa ta jiƙa buhun wasiƙu, ambulan ɗinta ta buɗe. Ni fa ban buɗe ba, ruwa ne ya buɗe. Karantawa dai ni na karanta.

Makaranta ce ta wasiƙa, mai sauƙin kuɗi, wadda ke shirya ma'aikata irinta su shiga karatun likita. Akwai manyan makarantun share fage a Fukuoka, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin albashinta, kuma ko kyauta ne wa za ta bar wa asibiti? Waɗannan kuwa darasi suke aiko mata a faifai, da tambayoyin lissafi da na sinadarai da na halittu da Turanci, ta amsa ta mayar, wani malami da ba ta taɓa gani ba ya gyara da jan biro. Sai ta fara haɗa digiri tukuna, sannan ta zauna jarrabawar da ake yi wa masu digiri, inda mutum ɗari biyu ko uku ke kokawa a kan kujera biyar. A ƙasan takardar malamin ya rubuta, "Kin yi ƙoƙari, amma ki sake duba tambaya ta huɗu."

Mutum ɗaya tak na faɗa wa, maƙwabciyata Fusae mai shagon taba da sabulu, kuma sai da ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Kafin jirgin yamma ya iso, har kurman da ke gyaran taru ya ji.

Fusae ta cika ta batse. "Au, ashe matakala muka zama? Shekara biyu muna roƙo kafin a samo mana ita, yanzu ta taka mu ta haye?"

"Ke dai hawan jininki kike ji," na ce mata. "Wa zai riƙa sauraron ƙorafinki kyauta in ta tafi?"

Katsuji na gefe yana cire ƙaya daga kifi. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ku bar yarinya ta yi karatunta."

Ba taro aka yi ba, ba wanda ya ce a yi kaza. Abin dai ya faru ne kamar yadda abubuwa ke faruwa a wurinmu. Tunda ta ɓoye, ba mai gaya mata an sani, don in ta faɗi jarrabawa da wane ido za ta kalle mu? Kuma tunda karatu take, ba mai damun ta. Tsofaffin da ke zuwa asibiti kullum wai a auna musu jini, alhali shayi da hira ke kai su, suka ɗauke ƙafa. Aka daina kiran ta sharar wurin ibada. Aka daina sa sunanta cikin matan da ke girkin bikin bazara. In mutum ya yi kamu mai kyau sai ya rataye mata kifi a ƙofa ya wuce, ko ƙwanƙwasawa ba zai yi ba. Mu a ganinmu gata muke yi mata.

Da rana nakan hango ta daga tagata ta sayar da tikiti, zaune a kan katangar tare ruwa, abincinta a cinya, igiyar sauraron faifai a kunne, tana motsa baki ita kaɗai. Mutane su biyo hanyar, su hango ta, su kewaya ta bayan rumbun ƙanƙara don kada ta tashi gaishe su. Shekara da shekaru haka.

Wata rana ta tsaya a tagata bayan ta aika ambulan ɗinta, ta yi ta juya maɓallin rigarta.

"Goggo Tokiko, ko na yi wa mutane wani laifi ne?"

"Laifin me kuma?"

"Jiya tun safe har na rufe ba wanda ya leƙo. Da can har koro su nake yi."

Maganar ta zo min har baki. Na haɗiye ta, na ce, "Lafiya ce ta yi mana yawa, Chizuru. Ke ba murna za ki yi ba?"

Ta yi 'yar dariya, ta sunkuya, ta hau kekenta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma na ce a raina ai daidai na yi.

Da ta haɗa digirin sai tafiye-tafiye suka fara. Za ta zo ta ce, "Tikitin zuwa da dawowa, Goggo. Taron nas-nas za ni." Taro! 'Yar Fusae nas ce a Sasebo, ta ce ita ba ta taɓa jin wani taro ba. Amma a nan ne Chizuru ta kasa ɓoye abinta. Wanda ya yi tafiya ya bar mutane ba ya dawowa hannu rabbana, kuma tsaraba ta garin da ka je ake sayowa, a cikin takardarta, da sunan garin ɓaro-ɓaro a jiki. Ita kuwa ba ta iya ƙarya da kyauta ba. Haka za ta bi gida-gida da jaka, tana sunkuyawa tana ba da haƙurin kwana ukun da ta bar mu. Mu karɓa da hannu biyu, tana juya baya mu juya takarda. Matsue. Shekara ta zagayo, soyayyen dankali mai sukari na Kochi. Sai Oita. Sai Kochi kuma, duk garuruwan da ke da makarantar likita. Katsuji har taswira ya ciro ya liƙa a bayan ƙofar kicin. Ni kuwa takardun nake gogewa in ajiye a aljihun teburina, ban ma san dalili ba.

Sati uku bayan kowace tafiya siririyar ambulan za ta zo. Siririya ba ta ɗauke da alheri, wannan ko ni na sani. In miƙa mata ina zancen iska, ta karɓa tana zancen iska. Washegari a gan ta a kan katanga da igiyarta a kunne. A shekara ta uku da faɗuwa na lura ta fara nisanta takarda da idonta in za ta karanta, furfura ta fito mata a gefen kunne.

Tana da shekara arba'in da huɗu ta dawo da farar wainar Kagoshima, kuma ambulan ɗin da ta biyo baya ta ɗan fi kauri. Ta ci jarrabawar rubutu, saura ganawa da malamai baki da baki. Ba ta taɓa kaiwa nan ba. Da ta zo ta ce za ta sake wani taron ranar Laraba, na ce, "Kai, nas-nas ɗin nan ba sa gajiya da taro." Ta sunkuyar da kai, kunnenta ya yi ja.

Ranar Larabar na tashi na dafa shinkafa, na tarar da Katsuji zaune a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Gumi na tsattsafo masa a goshi, ga shi watan Oktoba, gari da sanyi-sanyi. Ya dafe ƙirji.

"Baban yara, mene ne?"

"Tsamin jiya ne, ganyen nan da kika jiƙa. Kin cika gishiri."

"Shekara arba'in kana cin tsamina, yau ne zai kama maka ƙirji? Bari in kira Chizuru."

Ya riƙe min hannun riga. Tun da muke bai taɓa riƙe ni haka ba. "Ke. Jirgin bakwai da minti goma za ta shiga. In ta duba ni ba za ta tafi ba, kin san ta."

"To sai me? Ta je baɗi."

"Wace baɗi? Shekararta nawa?" Ya sa ɗayan takalmin. "Je ki buɗe tagarki."

Na tafi na buɗe tagata. Ta zo cikin baƙar kwat da ban taɓa ganin ta da ita ba, sabon takalmi na matse mata ƙafa. Ta karɓi tikiti, ta ce, "Kowa lafiya dai? Kawu Katsuji yana shan maganinsa?"

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Yi sauri kada a ɗage gada."

Shi da kansa ya gangaro ya kwance igiyar jirgin ya wurga, kamar yadda yakan taya ma'aikatan jirgin in bai fita teku ba. Ta ɗaga masa hannu, ya ɗaga mata. Jirgi na wuce fitilar bakin tasha na ce to yanzu sai in buga wa babban asibiti. Ya ce a'a, in na buga ita za su fara kira, ta sauka a Sasebo ta juyo. Ya ce ma abin ya lafa, a bari zuwa azahar ta yi nisa. Ni da bakina ba ya shiru, ni da nake faɗa da kowa a tsibirin nan, ranar na yi biyayya. Kafin sha biyu ya faɗi a cikin tarunsa. Jirgin sama mai saukar ungulu ya zo, amma gawa ya ɗauka.

Ba wanda ya buga mata. Fusae ce, Fusae mai cewa an mai da mu matakala, ta tsaya ƙememe ta ce duk wanda ya kira yarinyar nan kafin ta fito daga gaban malamai, ita da shi ne.

Ran Juma'a ta sauko da jakar tsaraba, ta ga furannin makoki jere a ƙofata. Ta shigo, ta ɗora akwatin waina gaban hotonsa, ta kunna turare, sannan ta juyo ta kafa goshinta a tabarma.

"Ki yafe min, Goggo. Na tafi taro na bar ku."

 Haushinta nake ji, haushinsa nake ji, nawa kuwa ya fi duka. Likita Haraguchi da na tsare shi da tambaya ya ce in da an sa masa na'ura da safen nan, mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa. Da kalmar nan nake kwana nake tashi har yau.

Ambulan mai kauri sosai ta zo a Nuwamba. Na miƙa mata, ta karɓa, ko zancen iska ba mu yi ba. Aka yi addu'ar kwana arba'in da tara. Washegari ta zo tagata da siririyar ambulan tata ta kanta, zuwa Kagoshima.

"A sa mata kan sarki, Goggo."

"Mene ne a ciki?"

"Takardar taro ce."

"Taron gidanku!" Ban san sanda ya fito ba. Na zaro aljihun tebur na zazzage mata takardun tsaraba a kan kanta, Matsue da Kochi da Oita da Kagoshima, duk a goge. "Kin ci jarrabawa, za ki rubuta musu kin fasa, ko ƙarya nake? Shekara tara muna kallon ki. Kowa ya sani, har kurma ya sani. Shi ma ya sani. Da ciwon a ƙirjinsa ya kwance miki igiya."

Na faɗa mata komai, tun daga ambulan ɗin da ruwa ya jiƙa har takalmi ɗaya a ƙafa. Na zaci za ta yi kuka ta gode. Ta tsaya tana kallon takardun, fuskarta ta yi fari fat.

"Shekara tara," ta ce. "Kun bar ni ina zaton kun gaji da ni. Nakan ga kifi a ƙofa in ce ko shigowa ba sa son yi. Sabuwar shekara tara na ci ni kaɗai, Goggo. Da mutum ɗaya, ɗaya tak, ya ce min yaya karatu."

"Ba mu so mu dame ki ba ne."

"Ranar nan fa? Na tambaye ki da bakina. Minti biyar ya ishe ni in gane."

"Da kin fasa tafiyar."

"Ƙwarai da na fasa!"

"To shi ya sa."

 Jirgin ƙarfe uku ya yi kuka a bayan fitila. Na ce, "Ni ba zan sa wa wannan kan sarki ba. In kin ga dama ki shiga jirgi ki kai ta gidan waya a Sasebo da ƙafarki. Amma ki sani, in kin zauna, ni mijina tsamin gishiri ne kawai ya kashe shi."

Ta dubi takardun. Sannan ta juya ta fita, ta bar ambulan ɗin a kan kanta. Na haɗa ta da takardun na mayar aljihun tebur. Tana nan har yanzu, ban buɗe ba, ruwa ma bai buɗe ba.

Ƙarshen Maris ta tafi. Duk tsibirin ya gangaro tasha da zaren takarda kala-kala, irin wanda ake yi wa malaman makaranta rakiya da shi a da, matafiyi ya riƙe kai ɗaya a jirgi, masu rakiya su riƙe ɗayan a tasha. Fusae na kuka tana faɗa wai hayaƙin jirgi ne. Chizuru ta zo tagata, ba ta kalle ni ba.

"Na zuwa da dawowa."

"Na dawowa kwana bakwai yake yi ya mutu," na ce, na yago mata na zuwa kawai. Ta karɓa da hannu biyu ta sunkuya, irin sunkuyawar da ake yi wa baƙo. Jirgi ya ja, zare ya miƙe ya tsinke ɗaya bayan ɗaya, wani yaron jirgi ne ya kwance igiya.

Yanzu asibitinmu Talata da Juma'a kawai ake buɗe shi, nas na zuwa tare da likita su koma tare. Mun ragu zuwa ɗari da arba'in. An ce tana aji ɗaya da yaran da ta isa haifa, a ɗaki ɗaya take haya kusa da layin jirgin ƙasa, ran hutu tana aikin jinya don ta riƙe kanta. Ko za ta dawo mana in ta gama, oho, ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce ba. Duk bazara da hunturu babban akwatin waina yana zuwa da sunan mutanen tsibiri, da ƙarami a gefe da sunan Katsuji. Nawa sunan bai taɓa fitowa ba. Nakan ajiye masa gaban hoto ya kwana uku, sannan in zauna in ci rabonsa ni kaɗai.

Bara na sayi kati mai hoton fitilar tasharmu. Na wuni da biro a hannu, na ƙare da kalma biyu: yaya karatu? Na sa masa kan sarki da kaina, na jefa a buhu da kaina.

An ce in yi ritaya, ƙafata ta fara ba ni wahala. Na ce su bari tukuna. Buhun wasiƙu na zuwa ƙarfe bakwai saura, kuma ba na son kowa ya riga ni zazzage shi.